Jajen Komawa Gida

Sau ɗaya aka taɓa yi mini jaje ban yi asarar komai ba, kuma har yau in na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ba gobara na yi ba, ɓarayi ba su shiga mini ba, mota ba ta kife da ni ba. Gwamnati ce kawai ta ce in koma garinmu in yi aiki.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. An kwaso mu daga can an zube a Gusau, muna cunkushe a ofis ana rabon kujera. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen da ke kula da noman rani: injin ban ruwa, rijiyoyin fadama, iri, maganin ƙwari. Aikin fadama ne, amma ga mu zaune tsakiyar birni ƙarƙashin fanka, fadamar da muke gani kaɗai ita ce ta jikin kalandar bango. Ana nan sai aka samu wani mai hankali a sama ya ce a ɗauke sashen kacokan a kai shi Gummi, ya riƙa duba Anka da Bukkuyum daga can, tunda can manoman suke. Wallahi tun da na fara aiki ban taɓa jin an yanke shawara mai ma'ana irin wannan ba.

Ni ɗan Gummi ne, can aka binne cibiyata, can kuma Inna take. A shekarun nan yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Mu biyu muka rage mata, ni da ƙanwata da ke aure a Zugu. Na taɓa ɗauko ta na kawo Gusau, na yi da-na-sani. A gidanta ƙafarta ta san hanya: daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa murhu, daga murhu zuwa gindin darbejiyar da take shan iska. A gidan hayata kuwa ko bayi za ta sai an riƙe mata hannu. Matar da ta yi rayuwarta tana yi wa wasu hidima ta koma tana jiran jikanta ya gama wasa ya ja ta. Ta daina cin abinci, ta daina magana. Dole na mayar da ita, na bar ta hannun wata maƙwabciya, ina leƙa ta ƙarshen wata idan albashi ya fito. Kullum na kamo hanyar dawowa zuciyata na can.

Saboda haka ranar da labarin ya tabbata na shiga gida ina dariya ni kaɗai. Matata ta fara lissafin abin da za a ɗaure da abin da za a bayar.

Washegari bayan la'asar muka ji sallama. Na fita na tarar da abokan aiki na wasu sassa, sun cire takalma sun jeru kan tabarma, kowa ya sunkuyar da kai. Tare da su akwai akantan sashenmu, mutum mai tumbi da carbi mai tsawo, wanda ba a zama sai ya ja addu'a. Matata ta leƙo ta ga fuskokinsu, ta koma ciki da sauri, ta ɗauka Inna ce ta rasu aka zo faɗa mini.

Akanta ya gyara murya ya ce, "Ashe abin da ya same mu ke nan. Sai haƙuri. Allah ya sa kaffara ne, Allah ya kiyaye gaba."

Sauran suka amsa da amin.

Na ce, "Wai me ya faru?"

Ya ce, "Gummi mana."

Na ce, "Ai garinmu ne. Mahaifiyata na can."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai gama gane girman rashin da ya yi ba. Ya ce, "Duk da haka."

Wannan kalma ta tsaya mini a rai shekara da shekaru. Garin da aka haife ni, garin da tsohuwata ke lalube bango tana jiran ƙarshen wata, shi ne masifar da ake shafa mini fatiha a kai. Na so in ce su tashi su ba ni wuri. Amma baƙi ne a ƙofata, sai na sa aka kawo musu ruwa.

Kuma fa duk cikinsu babu wanda aka haifa a birni. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga, ɗan wani ƙauye ne kusa da Anka, daga bakin titi ana hango rumbunan gidansu. Akanta kuwa in ya yi fushi harshensa na komawa na ƙauyensu tsaf. Amma sai ga su suna yawo ofis-ofis suna tambayar wa muka yi wa laifi. A wurinsu ba a tura mutum wajen birni sai don horo. Aka shiga zarya gidajen manya, aka shiga sadaka. Ban taɓa ganin sashenmu ya yi aiki tuƙuru haka ba.

Zaryar ba ta yi amfani ba a karon farko. Aka loda tebura da kabad a babbar mota muka kama hanya. Mutanen Gummi suka ba da gida mai kyau kusa da hanyar fadama, samarin unguwa suka shafe shi da farar ƙasa ba wanda ya biya su. Dattawa suka zo da goro. Wani tsoho ya riƙe hannun Oga ya ƙi saki, yana ta sa albarka, Oga na murmushi yana neman hanyar zare hannunsa.

Ni kuwa na wuce gida da iyalina da kayanmu. Inna na zaune gindin darbejiya. Ta ji ana sauke gado da tukwane, ta kira ni. Na durƙusa, ta laluba ta kama kafaɗata.

Ta ce, "Zuwa kay yi ko dawowa?"

Na ce, "Dawowa, Inna."

Ta ɗan ƙara matse kafaɗar, sannan ta ce a share wa yara ɗakin da ke kusa da nata.

Zaman da na yi a gidan nan shi ne mafi daɗin zaman da na yi a duniya, ba na ɓoyewa. Da safe in gaishe ta kafin in fita. Da rana in dawo in tarar tana faɗa da yarana kan sun zubar mata da ruwan alwala. Ta koma dama fura da kanta, hannunta bai manta ba. Ta yi ƙiba. Maƙwabta in sun shigo sai ta ce musu, "Ɗana na nan, shina wurin aiki, yanzu za shi shigo." Ba wanda ya tambaye ta, faɗa kawai take yi.

A ofis kuwa wani abu ake yi daban. Babu wanda ya kawo iyalinsa sai ni. Da farko suna zuwa Litinin su koma Alhamis. Sai Litinin ta zama Talata, Alhamis ta zama Laraba. Daga baya suka tsara abin tsakaninsu: wannan mako wane zai leƙo, mako mai zuwa wane. In sun zo ma ba sa kwana sai dole. Su iso da rana tsaka da ruwansu a jarka, su zauna cikin mota a buɗe ƙofa, su yi ta duba agogo.

Inna ba ta san wannan ba. A wurinta abokan aikin ɗanta baƙi ne da suka bar gidajensu suka zo yi wa garinmu hidima, kuma ba a barin baƙo da ƙishi. Duk ranar aiki sai ta dama fura da nonon da wata Bafulatana ke kawo mata, ta rufe da faifai ta aika ofis. In babu kowa, ni da mai gadi da manoman da ke jira mu sha. In suna nan kuwa, akanta zai ɗaga faifan da ɗan yatsa, ya leƙa, ya ce, "Da wane ruwa aka dama?" Sai ya mayar ya rufe. Ko sau ɗaya ba su kai ludayin baki ba. Ƙwarya dai na komawa gida babu komai, Inna ta auna ta a hannu ta ji daɗi.

Sai maganar hula. Oga na da wata hula zanna mai kyau. Wata rana da zai tafi ya cire ta ya ɗora kan teburinsa, ya ajiye tsohon tabarau a gefe, ya buɗe wani fayil, ya ɗan ja kujera baya kamar wanda ya tashi zagayawa. Ya fito da wata hular daga aljihu ya sa, ya shiga mota. Ya ce wa mai gadi kada a rufe tagar ofishinsa da rana, kada kuma a taɓa teburin. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Mutum ya yi digiri, kuma iyakar dabarar da ya samo ke nan.

Abin haushi, dabarar ta ci. Ba a ba da injin ban ruwa sai da sa hannun Oga. Manoma su taso daga ƙauyukan Bukkuyum da na Anka, wasu a babur wasu a keke, su leƙa ta taga su ga hula, su nemi inuwa su zauna. Akwai wani dattijo daga Gwashi da ba na mantawa, mai albasa a fadama, rijiyarsa an haƙa amma babu injin ɗaga ruwa. Ya zo da sassafe ya tsuguna jikin bango.

Na ce, "Baba, kada ka ɓata yininka. Oga na Gusau, ba zai zo ba makon nan."

Ya leƙa taga, ya dube ni. Ya ce, "Yaro, ga hulatai nan. Babban mutum ba ya tahiya kai ba hula. Shina kusa."

Na rantse masa. Ya yi murmushi irin na wanda ya san halin ƙananan ma'aikata, ya ɗauka so nake in kore shi don bai ba ni goro ba. Ya yini nan. Ya sha furar Inna, ya yi azahar, ya yi la'asar, ya hau babur ɗin da ya kawo shi. Ya sake dawowa, ya sake dawowa. Hula ta fi ni gaskiya a wurinsa, kuma ban ga laifinsa ba, don a duniyar da ya sani dattijo ba ya ƙarya da hularsa. Albasar ta ƙone kafin ya daina zuwa.

A hankali manoman suka gane. Wanda ke da kuɗin mota ya riƙa wuce ofishinmu ya tafi Gusau, ya nemi gidan Oga, ya tsuguna a ƙofa har a sa masa hannu. Wanda ba shi da shi ya haƙura. Inuwar ƙofar ofis ta koma wurin kwanciyar awaki.

Wata rana na shiga ɗauko fayil a ofishin Oga na ji wani ƙugi. Na duba sama ban ga komai ba. Na ɗaga hular, sai ga zanzaro ya tashi. Ashe ya daɗe da tarewa. Ya gina ɗakunansa na laka a jere cikin hular, ya liƙe wasu, yana kan ginin wani. A duk sashenmu, bayan ni, shi kaɗai ne ya karɓi canjin wurin aiki da zuciya ɗaya, har ya kawo iyali.

Na ajiye ta yadda take har ranar da Oga ya leƙo. Na ɗauko na kifa masa a gaba, a gaban akanta. Raina a ɓace yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda ke riƙe maka ofis. Mutane na tasowa daga Gwashi suna yini suna gaida wannan."

Na ɗauka zai ji kunya. Ya leƙa cikin hular ya fashe da dariya, akanta na taya shi har da riƙe ciki. Da ya gama ya share ido ya ce, "Kai ɗan gari ne, ba ka san wahalar da muke sha ba." Ya ba mai gadi hular ya ce ya kankare ya riƙa sawa. Zuwansa na gaba ya kawo wata, ya ɗora a wurin. Wannan karon ya tura takarda a ciki don kada ƙwari su shiga.

Duk wannan lokaci zaryarsu gidajen manya ba ta tsaya ba. Ƙarshe aka turo wasu daga Gusau su duba yadda ofishin ke tafiya. Ranar nan na ga cikar ma'aikata. Kowa ya iso tun da hantsi cikin babbar riga, har da wani da na manta kamanninsa. Aka share kashin awaki. Da baƙin suka zauna aka fara karanto musu koke: babu wuta, sauro, ruwa ba ya shayuwa, babu makarantar da ɗan mutum zai shiga. Ina zaune ina jin ana siffanta garin da na girma kamar wani ramin kura.

Sannan Oga ya kawo hujjar da ta kashe bakin kowa. Ya nuna ƙofa ya ce, "Ku duba da idonku, akwai manomi ko ɗaya a nan? Su kansu manoman, can Gusau suke bina. To amfanin me ofis ke yi a nan?"

Na miƙe ban nemi izini ba. Na ce suna bin shi Gusau ne don can yake. Na faɗi maganar hula, na faɗi ta dattijon Gwashi. Babban cikin baƙin ya saurare ni da kyau, ya juya ya tambayi Oga ko ni ɗan ina ne. Oga ya ce ɗan nan garin ne, gidansu na bayan masallaci. Mutumin ya gyaɗa kai ya ce, "To, shi ya sa." Ya rufe biro ya sa a aljihu. Suka ci kajin da aka soya musu suka tafi kafin la'asar.

Na san abin da zai biyo baya, amma na ƙi gaya wa kowa a gida. Na yi ta lissafi a raina. In bar aikin? Da me zan ciyar da yaran da ita kanta Inna? In bar iyalina nan in koma ni kaɗai? Albashina ba ya ɗaukar tukunya biyu da haya. In nemi a bar ni a wani ofis na garin? Na nema, aka ce babu gurbi. Ina ta addu'a maganar ta shiririce kamar yadda maganganun gwamnati ke shiriricewa. Wannan kam ba ta shiririce ba.

Wata ranar Asabar da yamma ina gida na ji mota ta tsaya a ƙofa. Tun da muka zo garin ba wanda ya taɓa taka gidanmu a cikinsu, ko da Inna ta yi zazzaɓi. Sai ga Oga da akanta da wasu, fuska kamar an yi musu albishir da kujerar Makka. Sun zo kwashe 'yan kayansu ne suka ce bari su biyo. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure.

Akanta bai jira an gama gaisawa ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ɗaga murya. "Barka da arziki! An sa hannu, an mayar da mu. Wata mai kamawa kowa ya koma Gusau. Allah ya fid da mu."

Sauran suka ɗauka, barka, barka, kowa na miƙo mini hannu.

Na ce, "Mahaifiyata fa na nan cikin gidan nan."

Ya ce, "Duk da haka. Ai ka sha ƙauye, kai ma ka huta."

Zauren namu bango ɗaya ne da tsakar gida, kuma wanda ido ya bari kunnensa ba ya barci. Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga 'yata ta shigo da babbar ƙwarya, ta ce Inna ta ce a ba baƙi. Furar da ta dama wa gida ce ta maraice, ta ce a kawo duka.

Akanta ya ɗaga faifai. Na jira ya yi tambayarsa ta kullum. Bai yi ba. Ya zurma ludayi ya kai baki, ya lumshe ido, ya ce kai, ashe haka furar garin nan take. Ya miƙa wa Oga. Suka yi ta zagayawa da ita suna hirar yadda za a raba ofisoshi in an koma, wa zai samu mai fanka. Ruwan da suka ce ba ya shayuwa shi ne a ciki, daga randar da ke bayan bangon da suka jingina. Suka shanye tas, Oga har da kankare gindin ƙwarya. Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar nan ba, kuma ina zaune ina ce musu a sha lafiya.

Da suka tafi na ɗauki ƙwaryar na shiga. Inna na gindin darbejiya, ta gyara ɗaurin kallabinta, fuskarta na haske. Ta miƙo hannu na ba ta, ta auna.

Ta ce, "Sun sha?"

Na ce, "Sun sha, Inna."

Ta ce, "Na jiya suna ta yi maka barka, sauran maganar ban kama ba. Mi anka samu? Girma anka ƙara maka?"

Matata na bakin murhu, ta daina abin da take yi. Na durƙusa inda na durƙusa ranar da muka sauke kaya. Na gaya mata a taƙaice, don babu yadda za a tsawaita shi ya yi daɗi. Na ce zan riƙa zuwa ƙarshen wata kamar da, na ce zan yi wa maƙwabciyarmu magana, na ce wataƙila a sake shawara.

Ta yi ta shafa bakin ƙwaryar da yatsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, ni da na so ta zaga. Ta kife ƙwaryar a gefenta, ta laluba ta samu kafaɗata, ta ɗan dafa, sannan ta janye hannunta.

Ta ce, "Ashe zuwa kay yi."